Ɗana da Uwarsa a Gidan Tarihin Ƙwallon Amurka

Ni ban taɓa taka ƙasar Amurka ba, amma na shiga gidan tarihin ƙwallonsu, na zaga shi ɗaki-ɗaki, ina zaune kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gidanmu na unguwar Briqueterie, waya jingine da turmi. Wallahi da na san abin da zan jiyo a can, da na bar wayar nan ta yi ta kukanta.

Ƙanwata ce ta haifi yaron, ni na raine shi. Ɗan farinta ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi aka ɗauko shi daga gidanta na unguwar Messa aka dire mini, ni da Allah bai ba ni haihuwa ba. Na goya shi har bayana ya yi kanta. Ni yake ce wa Inna, ita kuwa Tanti, kamar kowace maƙwabciya. In ta zo gidana ta tarar da shi, sai ta kau da kai ta ce, “Yaya, yaron nan naki bai iya gaisuwa ba ne?” Wannan “naki” ɗin, ba zan ɓoye ba, daɗinsa nake ji har cikin ƙashina.

Ja'irin yaro ga ci! Tuwo nake sayarwa a bakin layi, sai da na riƙa ɓoye malmalar masu saye saboda shi. In na je kasuwar Etoudi sayen kai da ƙafa, rabonsa daban nake cirewa. Haka ya yi ta miƙewa har ya zama sai ya duƙa yake shiga ɗaki, shi ke ɗauko mini buhun masara daga kasuwar Mokolo a kafaɗa, 'yan dako suna harararsa. A makarantar lise, wato sakandare, wani mai horar da 'yan wasa ya ƙyalla ido ya gan shi, aka yi ta shige da fice, aka tafi da shi karatu Amurka. Can suka dubi faɗin ƙirjinsa suka sa shi wani wasa da suke ce wa ƙwallon ƙafa, alhali da hannu ake rungumar abin a ruga. Ƙwallon ma kamar gwanda take. Na kalla a waya, ƙarti sun kifa hular kwano suna ta karo da juna. Na ce, “Wannan na ciyar da kai ka je ka yi?” Ya yi dariya ya ce, “Inna, tuwonki ne ke ture su.”

Da ya samu damar kawo mutum ɗaya ya gan shi, ni ya fara kira. Na ɗinka atamfa, na gaya wa duk layi. Na je ofishin jakadanci, suka tambaye ni mece ce ni a wurinsa. Na ce uwarsa. Suka duba takardar haihuwa, ba sunana ba ne a jiki, suka hana ni. Ƙanwata kuwa, da ba ta ma so, mijinta ne ya matsa mata, tana zuwa aka ba ta. Matar da ba ta taɓa wanke masa kashi ba! Matar da ba ta san ba ya shan miyar kuɓewa ɗanya ba! Ni na daka yajin da ta kai masa, ni na sa mata lalle, ni na raka ta filin jirgi, ina murmushin dole. Abu ɗaya na riƙe na lallashi raina da shi, kunyar nan tata. Ta je ɗin, sai me? Zama za ta yi ta juya masa ƙeya, shi kuma ya kira ni.

Haka kuwa aka yi da farko. Kullum sai ya kira yana ƙorafi: “Inna, Tanti fa ba ta magana. In na shigo falo sai ta tashi.” Ni kuwa in ce, “Yi haƙuri, haka take,” in ajiye waya in yi ta yi wa masu saye gyara.

Ran wata Asabar bayan la'asar, su can hantsi ne, ya kira ni ta bidiyo ya ce yau zai kai mu gidan tarihi, ni da ita. Ina tsinkar zogale, na jingina wayar. Gida ne guda, ƙato, an gina shi don wasan nan kawai. Ikon Allah! Riguna ne masu manyan lambobi an rataye cikin gilashi ana haska musu fitila, irinsu sak da waɗanda ke jibge a gwanjon Mokolo ba mai tayawa. Wata ma da tabon ciyawa a jiki. Na ce, “Kai, masu gidan nan ba su da sabulu ne?” Ya nuna mini takalma, da manyan zobba da ake ba waɗanda suka ci gasa, da wani ɗaki mai duhu-duhu cike da kawunan mutane na tagulla, jere reras, wai gwanayen wasan ne. Na yi a'uziyya. Duk abin nan ƙanwata tana can baya, gefen mayafinta kawai nake hangowa. Mayafin ma nawa ne, ni na ara mata. Ina kallonsa yana yawo inda ƙafata ta kasa zuwa, raina yana ƙuna, amma dai ni ake wa bayani, ni nake ba shi dariya. Na ce a zuciyata, ke kin hau jirgi, ni ina da yaro.

Sai suka zo ɗakin 'yan wasan farko. Hulunansu ba na kwano ba ne, na fata ne, masu laushi, irin wadda kowane baduku zai ɗinka maka. Ya riƙa karanta rubutun da ke jiki yana fassara mini, wai da wannan suke karo a da, wasu ma ba hular, ana fasa kai, ana karya wuya. Kusa da nan akwai babban allo yana nuna wasa, ƙararsa har cikin wayata. Wani ya taho a guje, wani ya tare shi, ƙum! Ya faɗi, ya daɗe bai motsa ba. Ni na saba gani, na gama kukana tun shekarar farko. Ita ba ta taɓa kallo ba, kunya ba ta ma bar ta ta tambayi wane irin wasa yake yi ba.

Yaron ya matsa inda aka ajiye hula ta zamani don baƙi su gwada, ya kifa ta a kai ya ce, “Inna, kalli yadda nake shiga fili.” Ya duƙa, ya zare mini ido ta tsakanin ƙarafan.

Sai na ji sunansa.

Ba daga bakina ba. Muryar ƙanwata ce, ta kira shi da sunansa na yanka ta ce, “Cire abin nan. Cire don Allah, zo nan.”

Ya daskare. Ni fa na kira sunan nan safe da yamma, da zagi da lallashi, daga bakin layi har masallaci ana jiyo ni, yakan amsa ne yana tauna. Ban taɓa ganin sunan ya tsayar da shi cak haka ba. Ya zare hular a hankali. Na ga hannunta, da lallen da ni na sa mata, ya hau kansa yana laluben ko akwai inda ya fashe. Na ji ya ce, “Na'am, Mama.”

Daga nan ya ajiye wayar a kan benci. Rufin gidan tarihi na koma kallo da fitilunsa. Ina jin shessheka, ban san ta wa ce ba. Na ce, “Kai! Kana jina?” Na kira sunansa, na sake kira, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Na ce lafiya lau, wayar ce ke katsewa. Kishi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ban taɓa yi a kan ɗa namiji ba. Na so in taya ta murna, 'yar'uwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ban iya ba. Miyar yamma ta kama a ranar, masu saye suka ci haka nan.

Da ya tuna da ni ya ɗauki wayar, idonsa jawur, ya ce, “Inna, yi haƙuri.” Na ce me aka yi? Nuna mini sauran. Ya nuna, ban ga komai ba.

Ta dawo da tsaraba, 'yar ƙaramar ƙwallon gwandar nan da riga mai lamba. Gida cike da 'yan sannu da zuwa, ta koma yadda take, ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, yaron nan naki ya ce a gaishe ki.” Mata suka yi ta yaba kunyarta. Na karɓi rigar na yi godiya. Na dube ta, ta dube ni, ta san na ji.

Har yau kowace Juma'a yana kirana, Inna kaza, Inna kaza, ba abin da ya ragu. Sai dai in mun gama yakan ce, “Inna, Mama ta zo?” Ta zo mana. A gidanta ba ta ɗaga kiransa, idon mutane ba zai bar ta ba, don haka moto, babur ɗin haya, take hawa daga Messa ta zo ɗakina. Ni ke miƙa mata wayar, in fita, in ja musu ƙofa. Sai in ɗauko kujerata in zauna a bakin ƙofar ina gadi kada wani ya ji ta tana kiran sunansa. Ni kuwa ina ji.