Ƙwayoyi Ashirin na Gwaggo 'Yardada

Gwaggo 'Yardada, yayar mahaifina, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kaɗi a wani lungu a Dala. Mazarinta uku, zarenta kuwa har marinar Ƙofar Mata ake kai shi. Ba ta haihu ba, amma ban taɓa ganin ta ci abu ita kaɗai ba. Ko goro guda ne sai ta fasa ta miƙa.

A makon da sojoji suka miƙa mulki, cikin 1999, taifot ya kwantar da ita. Likita ya rubuta ƙwaya ashirin, biyu kullum, kwana goma. Lokacin ina shekara ta biyu a karatun gwajin jini, don haka ni na zauna na yi mata bayani. Na ce ƙwayar cutar tana da wani zare a cikinta, wanda a makaranta muke kira DNA, kuma ba ta iya rabuwa biyu sai ta kwafi zaren nan. Wajen kwafar yakan murɗe, to akwai wani ɗan abu da aikinsa warwarewa. Shi maganin yake riƙe wa hannu, zaren ya harɗe ya tsinke, cutar ta kasa hayayyafa.

Ta yi dariya, ta ce ashe har a cikinta akwai masu kaɗi, ragwaye ma. Na ce ta dai shanye duka ko ta ji sauƙi, don ƙwayoyin cutar masu taurin kai su ne ke saura. Ta ce to, ta ji, likitar gidanmu.

Kwana huɗu ina zuwa ina ƙirgawa, saura goma sha biyu. Zazzaɓi ya sauka, ta koma kan mazarinta, ni kuma na koma makaranta saboda jarrabawa.

Bayan kwana goma sha takwas aka aiko a kira ni. Zazzaɓin ya dawo, hanjinta ya huje. Kwana biyu ta yi a asibiti ta rasu.

Ranar sadakar uku maƙwabciyarta Indo ta ja ni gefe. Ta ce Gwaggo ta raba sauran maganin ga gida uku da ake zazzaɓi, har da na ita Indo, huɗu-huɗu, wai bai kamata ita ta miƙe maƙwabta na kwance ba. Sai Indo ta kwance bakin zaninta.

"Sa'adiyya, biyu na sha na ji daidai. Ga biyun, ko da wanda za ki ba?"

Na karɓa.