Kawu Idi da Itatuwan Kirsimeti

Duk cikinku ba wanda bai san akori-kurar Kawu Idi a watan Janairu ba, an labta mata itatuwan Kirsimeti kamar za ta kife. Alhaji guda, ladanin masallacinmu, da gemunsa da carbinsa, yana bin layin masu hali na Irving Park yana tsince abin da suka yar a bakin titi! Ranar da na fara ganinsa sai da na taka birki na murza ido.

Ban gama farfaɗowa ba na bi shi gida, sai ga Anti Rifkatu, maƙwabciyarsa 'yar Jos, ta jawo masa nata itacen tana fara'a. Ta ce, "Alhaji, ƙarfe goma muke shiga coci ran Lahadi."

Ya ce, "Madalla. Ku nawa ne a cocin? Kowa ya ajiye mini nasa."

Innalillahi! Kafin Juma'a zance ya game gari. Liman ya ja ni gefe ya ce, "Sani, yayan mahaifiyarka ne. Je ka ji dalili, in babu, za mu ba wani kiran salla." Ku kuwa kun san yadda Kawu ke ji da kiran sallar nan.

Na same shi a gida ina cike da kunya, na zayyana masa. Ya ce, "To. Shiga mota." Sai Summerfield, bakin tafkin wani tsohon Bature mai kiwon dawaki da ya yarje masa kamun kifi. Muka shiga kwalekwale. Ina kallo ya ɗaura wa itace bulon siminti ya tunkuɗa shi ruwa, tsundum!

"Kawu, lafiyarka kuwa?"

"Gida nake gina wa kirafi," in ji shi. Wai kifin nan mai kama da karfasa ba ya zama a fili, sai cikin rassa. In sanyi ya wuce, nan zai taru.

Na ce, "To ka gaya wa liman mana!"

"In gaya masa, gobe duk masallaci su zo da ƙugiya? Ka rantse ba za ka faɗa ba."

Na rantse. Aka karɓe kiran salla. Wata biyu Kawu na sahun baya yana jin wani na yi, leɓensa na motsi. Abin ya ci mini rai, wallahi, amma mutumin nan ko gezau.

Da ɗumi ya shigo, azumi ya kama, ya koma da ni tafkin. Ya ba ni 'yar ƙugiya, ya maƙala mata ɗan mitsitsin kifi mai rai, da 'yar toto a saman zare. "In toton ya nutse, ɗaga a hankali. Bakinsa kamar takarda yake." Toto na nutsewa na fizga da ƙarfin Allah. Wayam!

"Kai! Ka yage wa bawan Allah baki! Saniya kake ja?"

Shi kuwa ya cika bokiti. Da magariba ya kai soyayye masallaci, buɗa-baki. Liman ya ci biyar yana santi, ya ce, "Alhaji, a ina ake samun wannan?"

"Ƙarƙashin itacen Kirsimeti."

Liman ya tsaya da ƙaya a hannu, ya ce, "Subhanallahi!" Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na shida. Washegari Kawu ne ya kira azahar. Tafkin dai, har Kawu ya koma ga Allah bai nuna wa kowa shi ba sai ni, don haka kar ma ku tambaye ni.

Janairun da ya wuce na ji ƙwanƙwasa. Anti Rifkatu ce, ido jawur, da itatuwa sha ɗaya a bayanta. Ta ce, "Mun saba ajiye masa."

Na loda su a akori-kurar.

Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi inuwar itatuwan Aljanna. Amin.