Baba Sa-ido da Zanen Masunta

A gidan adana zane-zane na jami'armu akwai wata kujerar roba kusa da ƙofar babban zaure. Wanda ya fi kowa daɗewa a kanta shi ne mai gadin da ɗalibai suka laƙaba wa Baba Sa-ido. Ni ne kafintan gidan, ni ke yi wa zane-zanen firam, na kuwa san shi tun gemunmu yana baƙi.

Aikinsa shi ne kada kowa ya taɓa komai. Ba ya kallon fuskar baƙo, hannu yake kallo. Matarsa ta taɓa ce mini, "Ko tsintsiya na ɗauka sai ya bi ni da ido, sai ka ce da ɗakin zan gudu." Abin alfaharinsa guda ne: tun da aka ba shi kujerar nan, ko ƙwarzane ba a samu a zaurensa ba.

Ana nan sai wata ɗaliba ta zo da izinin malaminta, za ta kwaikwayi wani tsohon zane na masunta suna jan taru, kamar yadda ake sa masu koyo su yi. Kullum da safe takan kafa allonta a gaban zanen.

"Baba, ga jakata, a bincika tun kafin a tambaya."

"Ba jakar ce ta dame ni ba, 'yata. Hannun nan naki ne ya cika iyawa."

Da aikinta ya kusa kammala, sai ya same ni a ɗakin aiki. "Malam kafinta, in abu ya zama biyu, me zai hana a fita da na gaske a bar mana ɗayan?"

Na ce ai yarinyar natsattsiya ce.

"Su ne ai," in ji shi.

A makon nan aka sauke zanen don shirin babban baje koli. Na cire masa firam, mai gyaran zane ta shige da shi ciki ta wanke masa dattin shekaru. Ya fito fes, kamar jiya aka zana shi. Ita kuwa ɗalibar, har dishi-dishin tsufan nan ta kwaikwaya, domin a haka ta gan shi a bango. Ta kawo nata ɗakin aiki don a gwada, aka jingine su gefe da gefe, babu mai firam a cikinsu. Duk wanda ya shigo yana neman sabon zanen don ya yi masa alama a baya, mai hasken zai nufa.

Da rana muka fita cin abinci. Ban ga shigar kowa ba. Na dai dawo na tarar da Baba a bakin ƙofa, da ɗan baƙin tawadar alƙalamin maka a babban yatsansa, yana cewa yau hankalinsa ya kwanta.

Washegari tawada ta ratso ƙyallen zane daga baya, ta fito a farar rigar wani masunci. A zanen gaske.

Shugabar gidan ta tara mu. Wa ya fi kusantar zanen? Wa ke yawo da fenti da alƙaluma? Ido ya koma kan ɗalibar. Aka hana ta shiga gidan, aka ce kwamiti zai zauna, ƙila ma a kore ta daga karatu, ga shi shekararta ta ƙarshe ce. Ta tsaya gaban kujerar roba tana share hawaye.

"Baba, kai da ba abin da ke wuce ka, ka gaya musu mana."

Bai ɗago ba. Da muka tashi na tambaye shi ko baƙin yatsan ya fita. Ya ce da saura.

Ranar da kwamiti zai zauna, ya riga kowa zuwa, ya shiga ofishin shugaba ya ja ƙofa. Abin da suka faɗa ban ji ba. Kwamiti dai bai zauna ba, ɗalibar ta dawo ta ɗauki allonta, ta gama karatunta tare da 'yan ajinsu.

Shi kuwa aka mai da shi wurin ajiye motoci, a can ya ƙarasa aikinsa cikin rana. In na bi ta wajen mukan gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi nasa. Zancen zauren bai sake yi mini ba.