Ranar da Inna Tabawa Ta Ratsa Tashar Gwaram

Asabar: Birnin Kudu zuwa Gwaram

Ƙarfe biyar da rabi na idar da sallar asuba na fita, jakata ɗauke da takardun tambayoyi da na'urar awon jini. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Birnin Kudu, aikin kammala karatuna kuwa a kan tsofaffi masu ƙiba ne, yadda gorin mutane ke jefa su cikin ciwon damuwa. Mota ba ta cika ba sai shida da kwata. Sau biyu muka tsaya a shingen 'yan sanda, muka shiga Gwaram takwas saura. Na karya da ƙosai da kunun tsamiya, na nufi gidan Hajiya Binta, ungozomar da za ta sauke ni.

Kafin azahar na zanta da tsofaffi huɗu. Hajiya Binta ta ce, "Saura Inna Tabawa. Shekara biyu ke nan ko gidan suna ba ta leƙa ba."

Muka same ta a ɗaki, labule a sake, abincin safe ko taɓawa ba ta yi ba. Da can ita ke girkin biki a unguwar. Na fara karanta tambayoyina, ta yi gum. Sai na ninke takardar, na ce ta faɗa mini abin da ya shigar da ita ɗaki.

"'Yata, asibiti na tashi zuwa saboda gwiwa. A tasha wani direba ya ce wannan ai sai a-kori-kura. Aka yi ta dariya, har da waɗanda suka ci tuwona. Na juyo gida. Tun ranar barci ya ƙaurace mini."

Na auna jininta, ya hau sosai. Na ce, "Inna, wannan baƙin cikin ma ciwo ne, yana da magani. Ki biyo ni Birnin Kudu."

Ta ce, "Ta tashar nan? A'a."

Lahadi

Da hantsi na sami wani dattijon direba, Malam Sale, na kwashe labarin na faɗa masa. Da na gama, sai ya ce:

"Ita ta yi girkin aurena. Gobe ni zan kai ta, har ƙofar gida zan zo."

Na koma da murnata na shaida wa Inna. Ta tambaya ko da gaske Sale ne ya faɗi haka, na ce shi ne. Ta dubi sandarta, can ta ce, "Kada ya zo. Idan aka ɗauke ni a ɓoye, a ɗaki nake har yanzu. Ni zan je in same shi."

Litinin: komawa

Bakwai daidai muka fito. Tafiyar minti goma ta ɗauke mu rabin awa, tana dogara sanda tana hutawa. Da muka shiga tasha hayaniya ta lafa. Mai ƙosai ce ta fara durƙusawa ta gaishe ta, wasu suka biyo. Inna ta amsa wa kowa da sunansa, kanta a ɗage. Malam Sale ya buɗe mata gidan gaba.

Tara da kwata muna babban asibiti. Likita ya duba gwiwar, ya rubuta maganin hawan jini, ya zauna ya saurare ta kan damuwar, ya sa mata ranar dawowa. Bai yi mata faɗa kan jikinta ba. A gindin bishiya ta cinye shinkafa da wake tas.

Da za ta shiga motar komawa ta riƙe hannuna. "Akwai irina biyu a unguwarmu. Ranar da zan dawo, da su zan zo."

Na iso gida ƙarfe uku, gab da la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Hajiya Binta da Malam Sale, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Inna lafiya.