Ɗigon da Fuseini ya yi wa makiyayan Dungu

Shekara shida ke nan da muka kai Fuseini makwancinsa, amma ban taɓa jin zafin rashinsa kamar makon nan ba.

Tare muka yi aiki a ɗakin lura da layukan waya na wani ƙaramin kamfani a nan Tamale. Shi ya tsara taswirar da ke kan babban allonmu. Kowace eriya ɗigo ce, kore in tana aiki, ja in ta mutu. Eriyar da ke bayan Dungu, inda makiyaya suke, ya yi mata ƙaton ɗigo, har ya fi na kasuwa girma. In mun tsokane shi sai ya ce, "Ɗan kasuwa in layinsa ya ɗauke, zai ari wayar maƙwabci. Su can ta wa za su ara?" Sarkin Ruga muke ce masa, yana dariya.

Bayan rasuwarsa aka kawo sabon allo. Kyakkyawa ne, ban musa ba. Sai dai yana haɗa eriyoyin unguwa duka ya ba su launin masu rinjaye. Haka ɗigon Fuseini ya ɓace cikin koren Dungu.

Ranar Litinin Mma Ayishetu, mai kawo mana nono daga rugar bayan Dungu, ta tare ni a bakin ƙofa. "Ɗana, kwana tara waya bai shiga. Matan yarona cikinshi ya tsufa. In haihuwa ya zo, da me za mu kira mota?"

Na binciko lambobin eriyar, lallai ta mutu. Na kai wa manaja a rubuce, ko kallon takardar bai yi ba. Ya nuna allo ya ce motar gyara sai inda ya yi ja take zuwa, kuma Dungu kore ne. Na roƙa har muryata ta dushe. Wallahi tsoro nake ji.

Da Fuseini zai ga allon nan, na san ba zai yaba kyansa ba. Tambaya zai yi, su wa aka ɓoye a ƙarƙashin koren? Taswirarsa an goge ta, tambayar ce kawai ta rage mini.

Jiya na yanko jar takarda, ƙatuwa, na manna a allon daidai bayan Dungu. Manaja ya cire. Yau da safe na sake mannawa, kuma aljihuna cike yake da wasu. Mma Ayishetu dai ba ta kawo nono yau ba, kuma ba ni da hanyar kiranta in ji dalili.