Kyalesu Ta Ƙi Ci, Ni Kuma Na Zuba Mata Romo

Wata huɗu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko lafiya, na ga saƙonninku, bakina ne ya yi nauyi. Ni lafiyata ƙalau. Karnukana biyu ne suka kwanta jinya, ɗaya ya tashi, ɗaya ba ta tashi ba.

Na san wani zai ce, duk wannan a kan kare? Mai wannan ra'ayi ya wuce abinsa, ba dole.

Kyalesu karyar marigayi mijina Bulus ce. Ya tsinto ta tana 'yar kwikwiya a wurin fasa dutse na nan Mpape, inda yake tuƙa tifa. Zaki ɗanta ne. Tunda Bulus ya rasu, 'yarmu Ladi kuma tana gidan miji, su biyun nan ne gidana.

Bulus bai taɓa saya musu abinci ba sai na buhu a liƙe, ko da mu za mu sha gari. Ina masa tsiya, "Baban Ladi, ni ka aura ko Kyalesu?" Sai ya ce, "Ke kina da bakin cewa abu ya lalace. Ita fa?"

Bayan rasuwarsa, ɗinki kaɗai ke riƙe da mu, buhun kuwa kullum tsada yake ƙarawa. A kasuwa na ga wani yana auna abincin kare da mudu daga buɗaɗɗen buhu. Ya ce, "Madam, duk abu ɗaya ne, buhu ne kawai ya fashe. A shago kuɗin leda kike biya." Na sayi mudu biyar ina murna.

Damina ce. Da na zo gida na ji yana warin danshi, ga fumfuna a jikin ƙwayoyin. Ni 'yar manomi ce. A gidanmu in masara ta yi danshi, shanya ta ake yi, a bakace, a kai niƙa. Haka na yi. Kwana biyu yana kan tabarma a rana, na bakace shi a faifai, har ina yabon kaina da dabara.

Kyalesu ta sansana, ta kau da kai. Zaki ya ga uwarsa ta ƙi, shi ma ya ƙi.

Na yi mata faɗa. Na ce, "Mai shagwaɓa ki ya tafi, sai ki sauke girman kai." Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Washegari na samo kawunan kifi a kasuwar Kado, na dafa, na zuba romon a kai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sunkuya ta ci. Mako biyu ina yi musu haka.

Amai ya fara zuwa. Sai fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Ranar da na ga farin idon Kyalesu ya zama rawaya, na kwashe su sai asibitin dabbobi. Masu keke napep biyu suka ƙi ɗaukar mu, na ukun ya tausaya.

Likitar dabbobin yarinya ce, sa'ar Ladi. Ta ɗaga leɓensu ta duba dasashi, ta ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce, "Mama, hantarsu ce ta taɓu. Me suke ci?" Na miƙa mata ragowar a leda. Na ce, "Na shanya shi fa, likita." Ta ce, "Rana tana busar da fumfuna, amma ba ta kashe dafin da ta bari a ciki." Na fashe da kuka a gaban mutane. Ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi, "Ba ki sani ba ne, Mama."

Aka aske musu ƙafa, aka sa ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Zannuwan aurena suka tafi a kuɗin magani. Araha ba ta ado, amma ban san tana kisa ba.

Rana ta huɗu da la'asar, Kyalesu ta ɗora kanta a kan ƙafata. Ina shafa kunnenta ina ba ta haƙuri, har na ji ta saki. Sai na ji kamar an sake fita da Bulus daga gidan nan.

Zaki ya lashi ruwa da kansa a rana ta shida. A ta tara muka dawo gida, haƙarƙarinsa duk a waje. Yanzu ya murmure, gwajin jininsa ya yi kyau, har ya koma korar kajin maƙwabta.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da mai keken da bai ƙyamace mu ba, da matan zumuntar cocinmu da suka zo mini gaisuwa ba su yi dariya ba.

Masu kare, in aljihu bai kai babban buhu ba, ku sayi ƙarami, amma a liƙe, ku duba ranar lalacewarsa. Likita ta ce a karanta bayan buhun, nama ko kifi ya zo farko a jerin kayan da ke ciki. Ku zuba a bokiti mai murfi, nesa da danshi. In ma babu hali, gara ku dafa shinkafa da ƙwai ko kifi marar ƙaya, ba albasa, ku tambayi likita abin da za a ƙara. Abin da ya yi fumfuna kuwa, a zubar.

Yanzu kullum in na ajiye kwano, tsayawa nake yi Zaki ya sansana. Ranar da ya kau da kai, ba na tambayar dalili. Baban Ladi ya yi gaskiya a komai, ban da abu ɗaya. Kyalesu tana da baki, ta kuma faɗa mini. Ni ce na rufe shi da romo.