Dattijon Ɗakin Gwaji

A ofishin da ake gwada sabon shafin intanet na asibiti, wadda ta tsara shafin tana kallon dattijon da aka roƙa ya jarraba shi. Tabaraunsa ɗaure yake da zare, katin asibitin matarsa na leƙowa daga aljihu. Da gani ya sha bin layi. Yana goge yatsa a riga kafin ya taɓa allon, yana laluben inda ake latsawa don neman ganin likita. Sai hoton shugaban asibitin ke ta fito masa.

"Yi haƙuri 'yata, kaina ne ya tsufa."

"Baba, shafin muke gwadawa, ba kai ba."

Ta kasa faɗa masa cewa tun jiya oga ya sa hannu, ko harafi ba za a canza ba. Dattijon yana sake goge yatsansa.